Gizaka da uwarta: abin da ruwan shuka ke tayarwa daga ƙarƙashin ƙasa

Kwana uku ko huɗu bayan ruwan shuka, duk wanda ya zauna teburin mai shayi da dare a Gwadabawa ko Tangaza, ya ɗan ɗaga kai ya dubi abin da ke kewaya ƙwan fitila. Cikin shinge da ƙananan ƙwari akwai wata faɗa-wuta mai farin jiki, wadda idan ta sauka kan tebur takan naɗe fikafikanta a bayanta kamar jinka. A ɗauke ta a hankali a duba. Idan an ware fikafikan, faɗinsu bai wuce santimita 4 ba. Na gaba suna da zane-zane masu ruwan ƙasa da ke bin jijiyoyinsu, kuma a bakin kowane akwai siririn layi ja, kamar an ja shi da alƙalami. Na baya farare ne. Gadon cikinta kuma ja ne da ɗigon baƙi. Yara kan kama ta su yi wasa, manya su kaɗe ta daga bakin kofi, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Ita ce uwar gizakar da za ta cinye wake nan da mako uku. Yawancin asarar da ake yi ta samo asali ne daga rashin haɗa waɗannan biyun, domin manomi yana ganin tsutsar ne ranar da ta girma ta fara tafiya ayari, alhali labarin ya faro tun daren da aka kaɗe uwarta daga kofin shayi.

Sunan gizaka a bakin Bahaushe ya haɗa tsutsotsi masu gashi iri-iri, kuma ba dukansu ne dangi ɗaya ba. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce masana suka daɗe suna kira Amsacta moloneyi, yanzu kuma da yawa suna rubuta ta Aloa moloneyi. Wani Bature masanin ƙwari, Herbert Druce, shi ya fara siffanta ta a rubuce a 1887, ya sa mata sunan Alfred Moloney, wanda ya yi gwamnan Legas a wancan zamani. Lokacin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ne ke kan gado, saura shekara 16 Turawa su ci Sakkwato. Tana cikin babban dangin da ake kira Arctiinae, mai nau'i wajen 11,000 a duniya, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da damisa saboda zanen da ke jikin fikafikan wasunsu. Ana samun ta a faɗin yankin Sahel, daga Senegal zuwa Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya har Sudan. A arewacin Senegal, wajen Louga, ana lissafa ta cikin manyan abokan gaban wake, shi ya sa cibiyar binciken noma ta Bambey ta yi aiki mai yawa a kanta. Indiya ma tana da 'yan uwanta biyu, Amsacta albistriga da Amsacta moorei, masu addabar gyaɗa, kuma yawancin dabarun yaƙi da ita daga can aka fi gwada su.

Abin da ya fi ban mamaki a rayuwarta shi ne yadda take tsallake rani. A ƙasar Sakkwato ruwan shekara yana kaiwa milimita 600 zuwa 700, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran wata takwas ba ɗanyen ganye a jigawa, ga hunturu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Tsutsa mai taushin jiki ba za ta rayu a wannan ba. To, idan ta ƙoshi a damina sai ta bar ganye ta nemi ƙasa mai laushi, galibi a inuwa: gindin gamban iyaka, ƙarƙashin sabara ko kalgo, jikin shingen gona. Ta tona ta shiga, ta saƙa wa kanta wani ɗan gida da zaren bakinta gauraye da gashin jikinta, ta dunƙule a ciki ta zama wani abu mai ƙwanso, ja-ja mai duhu, kamar ƙaramin ƙwallon dabino, ba baki ba ƙafa. A haka za ta kwanta, numfashinta ya yi ƙasa sosai, ba ci ba sha, har damina ta zagayo.

Abin da ke tashe ta shi ne abin da ke tashin manomi, wato ruwan da ya jiƙa ƙasa ya ratsa. Yayyafin da ya kwantar da ƙura kawai ba ya kai wa inda take. Amma ranar da aka yi ruwan da kowa zai ɗauki sungumi, laimar ta isa gare ta, cikin 'yan kwanaki sai ƙwanson ya tsage, faɗa-wutar ta turo ƙasa ta fito. Da yake ruwa ɗaya ne ya jiƙa yankin gaba ɗaya, fitowar takan zo kusan lokaci guda. Su yi barbara a daren farko ko na biyu, macen ta zuba ƙwai ɗaruruwa, gungu-gungu, a bayan ganyen duk abin da ya tsiro, shuka ko ciyawa. Ita kanta ba ta wuce 'yan kwanaki take mutuwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana uku zuwa huɗu. Idan aka lissafa, ƙananan tsutsotsin suna buɗe baki ne daidai lokacin da shukar ruwan farko take da ganye biyu zuwa huɗu. Ba sa'a ba ce, haka aka gina rayuwarta, ta riski tsiro yana jariri. A wurare masu gajeriyar damina zuriya ɗaya take yi a shekara, inda damina ta fi tsawo kuma takan maimaita.

A mako na farko ba ta da kamannin gizaka ko kaɗan. Juya ganyen wake da sassafe, kafin raɓa ta bushe: za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu ruwan ɗorawa, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, sun taru wuri ɗaya kamar an barbaɗa su. Bakinsu bai isa ya huda ganye ba, sai dai su kankare koren da ke bayansa su bar fatar sama, ganyen ya zama fari-fari kamar leda, ana hango haske ta cikinsa. Wannan farin tabon shi ne shaidar farko, kuma daga tsaye ana iya hango shi idan ido ya saba. A wannan matakin, zuriyar kowane gungun ƙwai tana kan tsiro ɗaya ko biyu. Yatsa biyu sun isa su gama da ita.

Daga nan takan yi saɓa sau da yawa, kowace saɓa ta fito da girma da ƙarin gashi. Cikin mako biyu zuwa uku ta kai santimita 4 zuwa 5, kai rawaya, jiki lulluɓe da tuttun gashi. Kusan duk cin da za ta yi a rayuwarta a kwanakin ƙarshen nan take yin sa, shi ya sa manomi kan rantse cewa jiya gonarsa lafiya lau take. Gaskiya ya faɗa, jiya ɓarnar ba ta kai a gani ba, amma tsutsar ta fi kwana goma a wurin. Kuma a wannan girman ne take watsewa. Tana da sauri ƙwarai, idan ta cinye inda take sai ta bi ƙasa ta tsallaka gonar maƙwabci, ko ta fito daga saura da burtali ta shigo shuka. Dattijo zai tari malamin gona a bakin hanya ya ce, "Malam, gizaka ta sabka, mi za mu yi?" Amsar da ba a son faɗa masa ita ce ba sauka ta yi ba, a nan aka haife ta.

Ba kowace shuka ce ke jin jiki daidai ba, kuma dalilin yana cikin ginin tsiron. Gero da dawa suna tofowa ne daga gindi, idon girmansu yana ɓoye can ƙasa cikin kara lokacin da suke ƙanana. Ko an aske ganyen, idan da laima sai sabo ya turo. Wake kuwa idon girmansa yana bisa kai, a fili. Idan gizaka ta cinye ganyen fari ta haɗa da toho, tsiron ya tafi, sai sake shuka, a shekarar da iri ya yi tsada kuma damina ta riga ta ci kwana 20. Gyaɗa, riɗi, yakuwa da auduga duk tana cinsu. Wannan ya sa al'adar nan ta shuka gero da ruwan fari, a jinkirta wake sai bayan noman farko, take da hikimar da ba a cika faɗa ba: waken da ya tsiro bayan rundunar farko ta shige ƙasa ya tsallake mafi munin lokaci. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai shuka wake zalla da ruwan farko don ya riski kasuwa da wuri. Wani abin lura kuma, waken SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar a 2019, an ƙera shi ne don tsutsar da ke huda fure da kwanson wake, wadda ake kira Maruca. Kada mai shi ya ɗauka ya huta da duba gona a makonnin farko.

Me ya sa kaji da zabi, da ba sa barin fara ko gara, ba su cika kula gizaka ba? Gashin ne na farko. Yana da tsini, yana karyewa ya maƙale a maƙogwaro. Tsuntsayen da suka ƙware a cinta su ne dangin ragon-maza, musamman waɗanda ke zuwa Sahel tare da damina, domin wasunsu suna iya saɓe fatar cikin tumbinsu su amayar da ita tare da gashin da ya taru. Na biyu kuma guba. Da yawa cikin wannan dangi suna cin tsirrai masu ɗaci da dabbobi ke gudu, irin su biya-rana da kalkashin korama, su tace gubar su ajiye a jikinsu ba tare da ta cuce su ba, har ta bi su zuwa lokacin da suka yi fikafikai. Jan launi da baƙin ɗigon nan sanarwa ce ga tsuntsu: ka taɓa ɗanɗana irina, ka tuna. Akwai wata 'yar uwarta da ake gani da rana a fadama, Utetheisa pulchella, fara mai ɗige-ɗigen ja da baƙi kamar atamfa, tana tashi a hankali ba ta ɓuya, don ta san ba mai marmarinta. A kan wata irinta ta Amurka, Thomas Eisner na Jami'ar Cornell ya nuna cewa idan ta faɗa saƙar gizo-gizo, gizon kan taɓa ta ya ji, sai ya yanke zaren da kansa ya sake ta. Har ila yau namijin yana ba macen wani kaso na gubarsa lokacin barbara, ita kuma ta sa a ƙwai, ya zama sadaki da gado a lokaci guda.

Da dare launi ba ya amfani, kuma maƙiyin dare shi ne ƙaramin jemage mai cin ƙwari, wanda ke farauta da amsa-kuwwar wata siririyar ƙara da kunnen mutum ba ya ji. Wannan dangi suna da kunne a gefen ƙirji da ke jin jemage tun daga nesa, kuma da yawansu suna da wani ɗan faifai mai tsaga-tsaga da suke lanƙwasawa ya ba da ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, a muryar da jemagen ke ji. Ga wasu, wannan ita ce jan launin dare, wato kashedi. Ga wasu kuma makami ne: a 2009 masu bincike daga Jami'ar Wake Forest sun tabbatar da cewa wata mai suna Bertholdia trigona, ta kudu maso yammacin Amurka, tana yin ƙarar har sau 4,500 a daƙiƙa ɗaya, ta rikita lissafin jemage ya kai cafka ya kuskure.

Duk wannan ba labarin nishaɗi kawai ba ne, yana bayyana abin da ya sa feshi ke cin kuɗi a banza. Gashin da ya hana kaza shi ne ke hana magani. Ɗigon feshi yana sauka kan gashi ya tsaya, bai taɓa fata ba. Ƙari a kan haka, jikin da ya saba sarrafa gubar tsirrai iri-iri ba ƙaramin abu ke kayar da shi ba idan ya girma. Maganin da zai share 'yan kwana huɗu, sai ya bar 'yan kwana 15 suna tafiya, mai gona ya ce jabu aka sayar masa. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa latti ne.

Saboda haka aikin yana farawa da fitila. Daga dare na biyu bayan ruwan shuka, a kafa fitilar sola ko ta caji mai farin haske a kan sanda, kamar mita ɗaya daga ƙasa, a ajiye baho ƙarƙashinta da ruwa rabi, a zuba ɗan garin sabulu ko cokali biyu na kananzir don duk wadda ta faɗa kada ta tashi. A kunna daga magariba zuwa wajen ƙarfe 11, dare biyar zuwa bakwai a jere. A gefen gona ake kafawa, ba tsakiya ba, domin waɗanda suka zo ba su faɗa ruwan ba za su yi ƙwai a kusa da hasken. Kuma kada a yi wa fitila kallon magani. Maza sun fi zuwa, matan da suka zo ma wasu sun riga sun zubar da ƙwai. A Indiya, inda ƙauye guda kan kunna fitilu da wutar kara a dare ɗaya, tana rage yawa. Fitilar mutum ɗaya kuwa amfaninta shi ne ta faɗa masa ranar da za a fara ƙirga. Daren da aka ga sun yi yawa a baho, a ƙara kwana huɗu zuwa bakwai: ranakun duba ganye ke nan.

Duban yana son tsari. A bi gona a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, a tsaya wuri goma, kowane wuri a juya ganyen tsiro goma, sannan a bi iyaka gaba ɗaya, musamman ɓangaren da ke kallon saura ko shinge. A duba ciyawa ma, ba shuka kaɗai ba. Duk ganyen da ke da gungun ƙwai ko farin tabo da 'ya'ya a bayansa, a tsinke a jefa cikin gwangwanin ruwan sabulu. Mutum biyu za su gama kadada ɗaya da hantsi. Noman farko da wuri yana taimakawa, amma da sharaɗi: idan ciyawar ta riga ta cika da tsutsa aka nome ta, an kwashe musu abinci ne an tura su kan shuka. A irin wannan hali a fara kashe su, sannan a yi noma.

Idan sun fi ƙarfin hannu kuma har yanzu ƙanana ne, 'ya'yan dogon yaro suna aiki. A fasa a fitar da ƙwayar ciki, a daka. Giram 50 ake sa wa kowace lita ta ruwa, wato giram 800 ga famfon goyo mai lita 16. A jiƙa a kwana, a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada bakin famfo ya toshe, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye, a fesa da la'asar sakaliya, ana karkata bakin famfon ya bugi bayan ganye. Ba ya kashewa nan take. Yana hana su ci ne, ya kuma ɓata musu saɓa, sai bayan kwana biyu zuwa uku a ga sun ragu. Rana tana kashe ƙarfinsa, don haka a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai. Ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta shekara a ajiye ba ta da sauran ƙarfi, haka ma ruwan da aka jiƙa aka bari ya yi kwanaki.

Maganin kanti irin su lambda-cyhalothrin da cypermethrin suna kashe ƙananan, amma kuskuren da aka fi yi a awo yake. Takardar jikin kwalba tana faɗin adadin kadada ne, manomi kuma da murfi yake aunawa. Lissafin ba wuya: a ce takarda ta ce mililita 500 a kadada, kuma tafiyarka tana cin lita 200 na ruwa a kadada. Famfo mai lita 16 zai cika sau 12 da rabi, kowane ciko ke nan mililita 40. Kafin a zuba magani, a cika famfo da ruwa zalla a fesa a ga iyakar filin da ya rufe, domin saurin ƙafar kowa daban. Ruwan kududdufi mai laka yana rage ƙarfin magani. Feshin tsakar rana yana bushewa kafin ya yi aiki, ga tsutsar ta sauka inuwa, ga ƙudan zuma suna kiwo. Idan hadari ya haɗo, a bari. Kuma duk feshin da aka yi ba bisa buƙata ba yana kashe ƙananan zanzaro da ƙudajen da ke yin ƙwai a jikin gizaka, waɗanda ke rage ta kyauta kowace shekara.

In kuwa an makara har sun fara tafiya, sai tare hanya. A Indiya ana haƙa rami mai faɗi da zurfin kamar santimita 30 a gefen da suke shigowa, bangonsa a tsaye, a riƙa kwashe waɗanda suka faɗa safe da yamma. A laka ta fadamar Rima, wajen Wurno ko Goronyo, ramin zai tsaya. A rairayin jigawa bango yana zubewa cikin yini ɗaya ya zama gangara, sai an riƙa gyara shi. A Indiya kuma suna jera ganyen tumfafiya da na bini-da-zugu tsibi-tsibi a bakin gona, tsutsar ta taru a kai a kwashe da safe. Tumfafiya dai ba abin saye ba ce a Sakkwato, gwada ta a gefe ɗaya na gona ba zai ci komai ba. Shawarar da ake kwafowa ta yin huɗa mai zurfi da rani don rana ta ƙone masu kwance a ƙasa, ita ce ba ta dace da jigawa ba, domin ƙasar da aka tayar a watan Afrilu iskar farkon damina za ta kwashe ta. Ya fi a tona gindin gamba da shingen da aka ga sun shiga bara, a bar wa zabi sauran aikin, tunda a wannan matakin gashin ba ya jikinsu.

Mai kwasar manya kada ya sa hannu tsirara, ya yi amfani da kara biyu ko ya sa leda. Gashin yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, wasu gizakokin na wani dangi ma sun fi wannan zafi nesa. Idan ya taɓa fata kada a sosa, sosawa tana ƙara cusa shi. A manna salatif a ɗaye sau uku ko huɗu, a wanke da sabulu da ruwan sanyi, rigar kuma a cire a wanke ta daban. Idan ya shiga ido, a zuba ruwa mai tsabta da yawa ba tare da murzawa ba, a tafi asibiti a ranar, domin gashin yana iya nutsewa cikin ƙwayar ido.